Ciwon daji na kai da wuya: hoton da ke auna cin sukarin ƙari

A shekara ta 2021 aka buɗe sashen gashi da haske a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai, bisa taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin wannan lokaci, majinyacin da ke bukatar irin wannan magani sai ya ƙetare iyaka, in yana da hali. Amma duk inda aka fara gashi, akwai tambayar da ke biyo baya: bayan an gama, ta yaya likita zai san ciwon ya mutu ko kuwa lafawa ya yi? Tambayar ta fi nauyi a ciwon daji na kai da wuya, watau wanda ke kama harshe, da dasashi, da maƙogwaro, da bayan hanci. Kowace shekara kusan mutum 900,000 ne ke kamuwa da shi a duniya, kusan rabin wannan adadi kuma suna rasuwa. Taba da giya su ne kan gaba wajen haddasa shi, sa'an nan wasu ƙwayoyin cuta guda biyu, HPV a maƙogwaro da EBV a bayan hanci.

Wannan ciwo yakan bazu zuwa kaluluwar wuya. Bayan mako shida ko bakwai na gashi, sau da yawa akan tarar da saura wani dunƙule a wuyan. Hoton radiyo da na sikana suna nuna girmansa da siffarsa, amma ba su iya faɗin ko tabo ne kawai ko kuwa akwai sauran rai a ciki. Saboda haka shekaru da dama al'adar asibitoci masu yawa ita ce a buɗe wuyan a kwashe kaluluwar gaba ɗaya, don gudun da-na-sani. Aiki ne babba. Yakan bar mutum da kafaɗa mai nauyi wadda ba ta ɗaguwa sosai, da taurin wuya, wani lokaci da wahalar haɗiya. Galibin waɗanda aka yi wa kuwa, in aka duba naman da aka cire, ba a samun ciwo mai rai.

Kwaɗayin ƙwayar daji

Mafita ta fito daga wani tsohon bincike. A shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna cin sukari fiye da ƙwayoyin jiki masu lafiya, nesa ba kusa ba. Sai da aka yi kusan shekara hamsin kafin a sami hanyar ganin wannan kwaɗayi a jikin mai rai. A 1976, a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka, masana suka haɗa wani sukari da aka liƙa wa sinadarin fuloro 18 mai fitar da haske, aka sa masa suna FDG, kuma a cikin shekarar aka fara gwada shi ga mutane a Jami'ar Pennsylvania. Dabarar tana da sauƙin fahimta: ƙwayar jiki takan haɗiye shi tamkar sukari na gaske, amma ba ta iya narkar da shi, sai ya maƙale a ciki. Inda ci ya fi yawa, nan haske ya fi taruwa. Na'urar da ke kama wannan haske ita ce masu Faransanci ke kira TEP, masu Ingilishi kuma PET.

Da farko hoton ya kasance dishi-dishi, ana ganin wuri ya haska amma ba a san takamaiman wace gaɓa ce ba. A wuya kuwa, inda jijiyoyi da tsoka da ƙashi suka cunkushe a ɗan wuri, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa TEP da sikana a na'ura guda, aka fara aiki da ita a Jami'ar Pittsburgh a 1998, ta shiga kasuwa a 2001. Daga nan sikana ke zana taswira, TEP kuma ta nuna inda wuta ke ci.

Majinyaci yakan yi awa shida ba ci, a auna sukarin jininsa, a yi masa allurar, sa'an nan ya kwanta kamar awa guda. A wannan lokaci ana hana shi magana da tauna, domin tsokar harshe da ta maƙogwaro in sun motsa su ma sukan ja sukarin su ɓata hoto. Daga baya likita ya fitar da wani adadi da ake kira SUV, wanda ke gwada abin da ƙarin ya ja da abin da zai samu da a ce an raba allurar daidai a duk jiki. Ana kuma iya auna girman sashen ƙarin da ke ci sosai, kuma bincike ya nuna cewa yawancin lokaci ciwon da wannan sashe nasa ya fi girma ya fi wuyar magani.

Abin da aka gani a Ingila

Hujja mafi ƙarfi ta fito a 2016, daga wani bincike da Farfesa Hisham Mehanna na Jami'ar Birmingham ya jagoranta. An ɗauki majinyata 564 waɗanda ciwonsu ya riga ya kama kaluluwar wuya sosai, aka raba su gida biyu. Kashi na farko aka tsara musu fiɗa kamar yadda aka saba. Kashi na biyu aka jira mako 12 bayan gashi, aka ɗauki hoto, ba a yanka kowa ba sai wanda hotonsa ya nuna saura ko ya bar shakka. A kashi na farko an yi fiɗa 221, a na biyu 54 kacal. Bayan shekara biyu, masu rai a cikin waɗanda aka bi da hoto sun kai kashi 84.9 cikin ɗari, a ɗaya ɓangaren kuma 81.5, watau jiran bai jawo asarar rai ba. Har ma an rage kashe kuɗi, kimanin fam 1,492 a kan kowane majinyaci. Ba kasafai ake samun na'ura mai tsada da ke rage wa baitulmali nauyi ba, shi ya sa wannan sakamako ya canza tsarin aiki a ƙasashe da yawa.

Sai dai a lura da mako 12 ɗin nan, domin a nan asirin yake. Naman da aka gasa yakan kumbura, ƙwayoyin da ke gyaran rauni kuwa su ma masu cin sukari ne. Wanda ya yi gaggawar ɗaukar hoto zai ga haske ya zaci ciwo ne. Gaskiyar magana, na'urar ba ta san ciwon daji ba, ci kawai ta sani. Ƙurji yana haskawa, ruɓaɓɓen haƙori yana haskawa, kuma abin da ya fi shafar ƙasashen Sahel, kaluluwar da tarin fuka ya kama tana haskawa ƙwarai. Likitan da ke aiki inda tarin fuka ya yawaita ba zai karanta hoton da idon likitan Birmingham ba. Shi ya sa ƙarfin wannan awo ya fi yawa in ya ce babu: hoton da ya fito ba haske abin dogaro ne sosai, wanda ya haska kuwa sai an tsinko ɗan nama an duba a ɗakin bincike. Ƙarin da bai wuce ƴan milimita ba ma yakan kuɓuce masa.

Masana ba su tsaya ga sukari ba. Ciwon da iska ba ta isarsa sosai ya fi jure wa gashi, kuma akwai wani sinadari, FMISO, da ke nuna irin waɗannan wurare. A asibitin Memorial Sloan Kettering na New York an yi amfani da shi wajen zaɓen masu ciwon maƙogwaro na HPV da aka rage wa gashi daga awo 70 zuwa 30. Wannan dai gwaji ne a kan zaɓaɓɓun majinyata.

Agogon minti 110

Ga masu tsara kasafin kiwon lafiya, wuyar aikin tana ga maganin fiye da na'urar. Fuloro 18 yana rasa rabin ƙarfinsa a kowane minti 110. Bayan awa uku da minti 40 saura rubu'i, bayan awa tara da ƴan mintoci kuma saura kashi ɗaya cikin 32, wanda kusan shi ne tsawon tafiyar mota daga Yamai zuwa Maraɗi, balle Damagaram. Ba a ajiye shi a sito, ba a yin odarsa ta jirgin ruwa. Dole a haɗa shi da asubar ranar da za a yi aiki, a cikin wani inji mai suna sikulotoron, wanda ke bukatar wutar lantarki marar yankewa, da masana haɗa magani, da masu gyara. Uraniyum na Arlit ba shi da hannu a nan, domin daga wani irin ruwa na musamman ake samar da shi. Wannan ne ya sa a Afirka na'urar ta fi taruwa a Masar, da Maroko, da Afirka ta Kudu, Kenya kuma ta sami tata ta farko a 2018.

Nijar na cikin ƙasashe bakwai na farko da suka shiga shirin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙaddamar a Fabrairun 2022 don faɗaɗa maganin ciwon daji, kuma Jami'ar Abdou Moumouni tana da cibiyar da ta daɗe tana aiki da sinadarai masu haske. Tushe dai akwai. Amma binciken Ingila ya yi amfani ne domin majinyatan sun riga sun sami gashi cikakke, kuma likitan fiɗa yana nan a shirye ga wanda hotonsa ya haska. In babu waɗannan biyu, hoton zai faɗi gaskiya ne kawai ba tare da an iya yin komai a kai ba. Haka kuma mai gyambon harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, ko mai dushewar murya da ta ƙi tafiya, ba TEP yake fara bukata ba. Yana bukatar ma'aikacin asibitin karkara da zai haska bakinsa da fitila, ya shafa wuyansa, ya rubuta masa takardar zuwa babban asibiti tun ƙarin bai kai ƙwan kaza ba.