Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tafinta da Lambobin Yabon 'Yan Jarida

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Ba ni da ja a kan lambobin girmamawa da ake bai wa 'yan jaridar da suka tono asirin azzalumai, ko waɗanda suka kutsa fagen daga suka kawo wa duniya labari. Mafi shahara daga cikinsu ita ce lambar Pulitzer, wadda Jami'ar Columbia ta Amurka take bayarwa tun shekarar 1917. Ita aka ba Seymour Hersh a 1970 saboda ya fallasa kisan gillar da sojan Amurka suka yi wa mutanen ƙauyen My Lai a ƙasar Biyetnam, kuma ya cancanta. Ƙorafina a wani wuri yake. Shekara da shekaru, duk lokacin da aka zo rabon yabo, akwai mutum guda da ake tsallakewa, wato tafinta, ɗan ƙasa, wanda ya san harshe da hanya da mutane, wanda in ba don shi ba baƙon ɗan jarida kurma ne kuma bebe.

Mu ɗauki labarin Dith Pran. Mutumin Kambodiya ne, shi ne tafinta kuma jagoran Sydney Schanberg, wakilin jaridar New York Times. A watan Afrilu na 1975 mayaƙan Khmer Rouge suka shiga Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Suka kama Schanberg da wasu 'yan jarida Turawa, suka tura su cikin motar yaƙi. Pran, wanda ba a ce ya shiga ba, ya nace sai da aka tafi da shi, ya yi ta lallashin mayaƙan da harshensu har suka sake su. Bayan 'yan makonni aka kwashe baƙi zuwa ƙasar Tailan, shi kuwa aka bar shi, domin ba shi da fasfon wata ƙasa. Ya yi kusan shekara huɗu cikin yunwa da aikin tilas, yana ɓoye cewa ya taɓa shiga aji, don a lokacin ilimi kansa laifi ne da kan jawo kisa. A 1976 aka ba Schanberg lambar Pulitzer. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya nuna halin girma: ya ce shi da Pran ne suka ci lambar, kuma bai fasa cigiyarsa ba har Pran ya tsallaka iyaka a watan Oktoba na 1979. Amma halin girman mutum guda daban, ƙa'idar masu ba da lamba daban. A kundinsu suna ɗaya ne.

Pran ma ya yi sa'a, tun da ya rayu har zuwa 2008. A watan Maris na 2007 'yan Taliban suka kama ɗan jaridar Italiya Daniele Mastrogiacomo a lardin Helmand na Afganistan, tare da direbansa Sayed Agha da tafintansa Ajmal Naqshbandi. Direban suka fara kashewa. Aka saki fursunonin Taliban biyar, suka sako Ba'italiyen. Ajmal kuwa ba a fanshe shi ba, suka yanka shi a watan Afrilu. Baƙo yana da gwamnati da jarida a bayansa, yana kuma da tikitin komawa gida. Ɗan ƙasa a nan zai kwana, a nan zai tashi, kuma waɗanda labarin ya ɓata wa rai sun san ƙofar gidansa.

Za a iya cewa ai wanda ya rubuta labari shi ke ɗauke da alhakinsa, tafinta kuwa baki kawai ya ara, an kuma biya shi ladansa. Duk wanda ya taɓa koyar da harshe ya san wannan magana ba ta da tushe. Tafinta ba bututu ba ne da magana ke bi ta wuce. Shi ya san wace tambaya ce za a yi wa dattijo kai tsaye, wace ce kuma sai an kewaya. Shi ke gane cewa "to, ba laifi" a bakin wani na nufin akwai laifi babba. Shi ke cewa kada a bi wannan hanya yau. Rabin binciken ya ƙare a bakinsa kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce, bayyana suna kan zama hatsari. Ahmed Hussein-Suale, wanda ya yi aiki da Anas Aremeyaw Anas wajen bankaɗo cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa ta Ghana a 2018, a ɓoye yake aikinsa. Aka nuna hotonsa a talabijin, sannan a watan Janairu na 2019 wasu suka harbe shi a unguwar Madina ta birnin Accra. Saboda haka ba cewa nake yi a riƙa shelar sunan kowa ba. Cewa nake a tambayi mai sunan. In ya ce a sakaya, a sakaya, amma a ba shi kasonsa na kuɗin lambar, a yi masa inshora irin ta baƙon, a kuma tanadi hanyar fitar da shi da iyalinsa in gari ya rikice. Abin da ba daidai ba shi ne a fake da tsaronsa alhali ba a ko tuntuɓe shi ba.

An fara gyara, ko da yake a makare. Gidauniyar Rory Peck ta Ingila ta ƙirƙiro lambar Martin Adler a 2007 domin 'yan ƙasa masu irin wannan aiki, da sunan wani ɗan jaridar Suwidin da aka harbe a Mogadishu a 2006. Lambobin Kurt Schork, wakilin Reuters da aka kashe a Saliyo a 2000, su ma sun ware wa jagororin 'yan jarida rukuni nasu tun 2017. Na yaba, amma ban gamsu ba. Rukuni na daban tamkar tabarma ce da aka shimfiɗa wa mutum a zaure, alhali a cikin gida ake walimar da shi ya yi cefanenta. Abin da nake so in gani shi ne sunansa a jere da na wakilin, a kan labarin da suka yi tare, a kuma kan lambar da labarin ya ci.