Kafin Ka Sayi Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin mota ya zame wa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ƙarfen ƙafa. Saboda haka, 'yan'uwa, ina ganin lokaci ya yi da za mu daina yi wa keke kallon abin hawan ƙauye. Sai dai sayensa yana bukatar lura, domin mai ƙaramin ƙarfi ba shi da halin sayen abu sau biyu.

Da fari, kada ƙyalƙyali ya ruɗe ka. Sabon keke mai giya barkatai wanda kuma ya cika araha, sau da yawa ƙarfensa ba shi da ƙwari, giyar kuwa ita ce ke fara lalacewa. Araha ba ta ado. Ga mai zirga-zirga tsakanin makaranta da gari, keke mai gudu ɗaya irin su Raleigh, Phoenix da Hero ya wadatar, musamman a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar Kano. Kayan gyaransa suna ko'ina, kowane mai faci a bakin titi kuma ya san kansa.

In kuɗinka bai kai na sabo ba, na hannu mai lafiya ba abin kunya ba ne. Amma ka tafi da mai gyaran keke, ka ba shi ɗan ladansa. Ku duba jikin ƙarfen: in akwai walda, ko tsaga, ko sabon fenti a wuri guda, to, ana ɓoye wani aibi. Ku ɗaga kowace ƙafa ku juya ta, ku ga ko tana karkata. Ku gwada birki, ku dubi haƙoran da sarƙa ke bi ko sun cinye. Sannan ka hau: in feda tana ƙasa, ya kamata gwiwarka ta kusa miƙewa. Taya da sirdi ana sauya su da sauƙi, amma lanƙwasasshen ƙarfe ba ya komawa daidai.

Kada ka biya sai an rubuta maka rasit ɗauke da lambar da ke jikin keken, a gaban shaidu, don kayan sata ba ya zama halal saboda an biya kuɗinsa. Daga ƙarshe, kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a wurin ciniki. Ka rage na famfo, da fitila, da kwaɗo mai ƙarfi, domin keken da aka ajiye a ƙofar aji ba kulle ya kusa zama na wani.