Shagon Lungu da Lasisin Giya: Darasi Daga Bournville

Duk gidan da aka taɓa haɗa shayi da Bournvita a cikinsa yana da 'yar alaƙa da wata unguwa da ke kudancin birnin Birmingham na ƙasar Ingila, domin daga sunanta, Bournville, aka ciro sunan abin shan. A can ne 'yan'uwa biyu, George da Richard Cadbury, suka mayar da masana'antarsu ta cakulan a 1879. Daga baya George ya sayi fili ya gina gidaje masu lambuna, kuma a 1900 ya danƙa unguwar a hannun wata gidauniyar amintattu. Iyalin Cadbury mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, masu ƙyamar shaye-shaye, saboda haka ba a gina mashaya a unguwar ba, kuma mazauna suka riƙi wannan a matsayin gadon da suke alfahari da shi.

Sau biyu aka gwada ƙarfin wannan gado a 'yan shekarun baya. A 2007 katafaren kamfanin Tesco ya nemi izinin sayar da giya a ƙaramin kantinsa na yankin, mazauna suka tashi tsaye, kamfanin bai samu ba. A 2015 wani mai shagon jaridu da kayan masarufi a titin Mary Vale, a gefen unguwar, ya shigar da irin wannan buƙata. An yi ƙorafi, an yi ta muhawara a jaridu, amma majalisar birnin Birmingham ta ba shi lasisi. Doka ɗaya ce ta yanke hukuncin biyun, kuma babu inda ta ba kansiloli damar auna aƙidar Cadbury ko shekarun da unguwar ta yi babu giya.

Wannan shi ne abin da yake ɓata wa maƙwabta rai a duk faɗin Ingila idan shagon lungunsu ya nemi lasisi. Sukan je zauren majalisa da tambayar ko ya dace a sayar da giya a nan, sai su tarar ana amsa wata tambayar daban. Dokar ta yi daidai da ta ƙi zama alƙalin tarbiyya. Inda ta gaza shi ne wajen ƙidayar illa, kuma talakawan unguwanni ne suke biyan kuɗin wannan gazawa.

Yadda ake ba da lasisin

Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki gadan-gadan a Nuwamban 2005 a Ingila da Wales, ta karɓe wannan iko daga hannun alƙalan majistare ta miƙa shi ga ƙananan hukumomi. Mai shago zai cika takardar neman izini, ya bayyana sa'o'in da yake son sayarwa da matakan da zai ɗauka, ya kuma ambaci mutum ɗaya mai lasisin kansa wanda zai ɗauki alhakin cinikin. Sannan ya manna sanarwa a kan takarda mai launin shuɗi-shuɗi a inda masu wucewa za su gani, har kwana 28, ya kuma buga ta a jaridar yankin. Ana aika kwafin buƙatar ga 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da jami'an tsabtar muhalli, da masu kula da kare yara, da daraktan lafiyar al'umma.

A cikin waɗannan kwanaki 28 kowa yana iya rubuta ƙorafi. A da sai wanda yake zaune ko yake sana'a kusa da wurin, amma wata doka ta 2011 ta cire wannan sharaɗi. Idan wa'adin ya cika babu ƙorafin da ya cika ƙa'ida, hukuma ba ta da zaɓi: dole ta ba da lasisin. Idan akwai, sai kwamitin kansiloli uku ya zauna ya saurari ɓangarorin. Yana iya amincewa, ko ya gindaya sharuɗɗa, ko ya ƙi. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare.

Jigon al'amarin yana cikin ma'anar ƙorafin da ya cika ƙa'ida. Dole ya ta'allaƙa da ɗaya daga cikin manufofi huɗu da dokar ta lissafa: hana aikata laifi da tayar da zaune tsaye, tsaron lafiyar jama'a a wurin, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Wanda ya rubuta cewa addininsa ya haramta giya ya faɗi gaskiyarsa, amma kwamitin ba zai iya ɗora hukunci a kanta ba. Haka ma wanda ya ce akwai shaguna uku masu sayarwa a titin, don haka babu buƙatar na huɗu: jagorar da gwamnati ta ba hukumomi ta ce batun buƙata sha'anin kasuwa ne. Yawan sa hannu a takardar koke ma ba ya zama hujja da kansa. A 2008, a shari'ar kamfanin giya na Thwaites, babbar kotu ta soke ƙuntatawar da majistarorin Wirral suka yi wa wata mashaya, saboda sun gina ta a kan fargabar abin da zai iya faruwa ba tare da isasshiyar shaida ba.

Dalilin da ya sa ƙuri'ar maƙwabta ba ta isa ba

Mai karatu da ya tashi a inda giya abin kunya ce zai iya ganin wannan tsari a matsayin rashin mutunta jama'a. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me zai hana a bar mutanen unguwa su yanke wa kansu?

Amsar tana cikin irin unguwannin da ake magana a kansu. Birmingham birni ne na Kirista da Musulmi da Sikh da Hindu da waɗanda ba su da addini, sau da yawa a kan titi ɗaya. Idan rinjayen maƙwabta ya isa ya hana sana'ar da doka ta halatta don kawai ba ta yi musu ba, to rinjayen wata unguwar zai isa ya hana mahaucin halal buɗe shago, ko ya hana a mayar da tsohon kanti masallaci. Musulmin Birtaniya sun san yadda ake tara sa hannu a kan irin waɗannan buƙatu nasu, kuma abin da yake kare su shi ne wannan ƙa'ida da take cewa a kawo illar da za a iya nunawa. Duk wanda yake tsiraru a wani wuri yana cin moriyar dokar da ba ta tambayar ra'ayin masu rinjaye game da rayuwarsa.

Akwai kuma mai shagon. Cinikin jarida da taba, wanda ya riƙe irin waɗannan shaguna shekara da shekaru, ya ja baya sosai. Babban kanti da ke tafiyar minti biyar a mota yana sayar da giya, kuma wanda ya je can don ita zai haɗo da burodi da madara. Hana ƙaramin ɗan kasuwa abin da aka bar wa babba ba ya rage kwalba ɗaya a unguwar idan ba a taɓa sauran masu sayarwa ba. Abin da yake yi shi ne sauya aljihun da kuɗin zai shiga.

Inda dokar ta gaza

Duk da haka, fargabar maƙwabta ba ta banza ba ce, kuma tsarin yana da ramuka uku.

Na farko, ana neman shaidar illa daga shagon da bai fara sayarwa ba. Uwar da take tsoron ganin mashaya a bakin filin wasan yara ba ta da hoto ko lambar rahoton 'yan sanda, domin abin bai faru ba tukuna. Doka ta tanadi cewa bayan an ba da lasisi kowa yana iya neman a sake duba shi idan matsala ta taso, har a dakatar ko a soke. Wannan tanadi yana da amfani, sai dai magani ne bayan cuta ta kama.

Na biyu, ana duba kowane shago shi kaɗai, alhali illar giya a unguwa ta taruwa ce. Shago na goma a titi yana iya zama mai bin ƙa'ida kamar na farko, amma shi ne yake sa gasar karya farashi ta yi tsanani, kuma shi ne yake tabbatar da cewa wanda aka ƙi sayar wa a nan zai samu a can. Majalisar dokoki ta amince da wannan: wata doka ta 2017 ta ba hukumomi hurumin ayyana yanki a matsayin wanda ya cika da masu sayarwa, inda sabon mai nema ne zai nuna cewa ba zai ƙara matsala ba. Amma wannan zaɓi ne ga hukuma, sai ta tattara hujjoji ta kuma sabunta su duk bayan shekara uku, kuma unguwanni da yawa ba su da irin wannan kariya.

Na uku, kuma mafi girma, lafiyar al'umma ba ta cikin manufofin huɗu. Daraktan lafiya yana da kujera a teburin, amma ba zai iya cewa a ƙi ba da lasisi saboda ciwon hanta ya yi yawa a yankin ba. Sai ya lanƙwasa bayanansa su shiga ƙarƙashin laifi ko kare yara. Wannan kuwa a Birtaniya, inda hukumar ƙididdiga ta ce fiye da mutum 10,000 ne giya ta kashe kai tsaye a 2022, haka kuma a 2023, kuma mafi yawan giyar da ake sha daga shaguna ake sayenta a kai gida. Scotland ta bi wata hanya. Dokarta ta 2005 ta ƙara manufa ta biyar, wato karewa da inganta lafiyar jama'a, ta kuma wajabta wa hukumomin lasisi su auna ko masu sayarwa sun yi wa yanki yawa. A 2018 ta sanya mafi ƙarancin farashi na fene 50 a kan kowane ma'aunin barasa, ta ɗaga shi zuwa fene 65 a 2024.

Masu adawa da ƙara wannan manufa suna da hujja mai nauyi. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya da ya yi bitar dokar a 2017 bai goyi bayan ƙarin ba, domin da wuya a danganta cutar mutum da wani shago guda. Gaskiya ne. Sai dai wannan hujja tana nuna cewa ma'aunin shago ɗaya-ɗaya ne bai dace da lafiya ba. Idan aka haɗa manufar lafiya da ƙidayar yanki, tambayar za ta koma ko unguwar za ta iya ɗaukar ƙarin mai sayarwa, kuma alkaluman asibiti suna iya amsa wannan.

Su wa wannan giɓi ya fi shafa? Mutanen Bournville suna da gidauniya, da tarihi da jaridu suke son bugawa, da mazauna masu iya rubuta ƙorafi cikin harshen doka. Unguwannin da shagunan giya suka fi cunkushewa, inda kuma cutar ta fi kisa, galibi na masu ƙaramin ƙarfi ne, inda takardar shuɗiya takan gama kwanakinta a jikin taga ba wanda ya karanta. Tsarin da ya jingina a kan ƙorafin jama'a cikin kwana 28 yana fifita wanda yake da lokaci da ilimi.

Abin da yake aiki a yanzu

Kafin a gyara doka, maƙwabtan da suka fi samun biyan buƙata su ne waɗanda suka bar neman a ƙi gaba ɗaya suka koma neman sharuɗɗa: a rufe sayarwa da wuri, a sa kyamara, a tambayi shaidar shekaru ga duk wanda bai yi kama da ɗan shekara 25 ba duk da cewa 18 ce iyakar doka, a ajiye littafin waɗanda aka ƙi sayar wa, a hana sayar da gwangwani ɗai-ɗai. A garin Ipswich, a 2012, 'yan sanda da hukuma suka shawo kan shaguna su daina ajiye giya mai arha da ƙarfinta ya kai kashi 6.5 cikin 100 zuwa sama, irin wadda masu kwana a titi suka fi saye, kuma garuruwa da dama sun kwaikwayi tsarin. Sharaɗin da aka rubuta a lasisi yana da haƙora, domin karya shi laifi ne, kuma shi ne hujjar da za a riƙe ranar da aka nemi a sake duba lasisin.

Jihohin arewacin Najeriya da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000 sun amsa wannan tambaya da hani, kuma muhawararsu daban ce. Amma a Abuja, ko Jos, ko kudancin birnin Kaduna, inda mabiya addinai daban-daban suke haɗa katanga, rigimar mai shago da maƙwabcinsa iri ɗaya ce da ta titin Mary Vale. Abin ɗauka daga Ingila shi ne sanarwa a fili, da wa'adin ƙorafi, da zaman sauraro, da sharuɗɗa a rubuce, da damar sake dubawa. Abin gudu kuwa shi ne barin lafiya a waje da kuma auna shago ba tare da auna titin da yake ciki ba. Hukumar da ta tanadi waɗannan tun kafin a buɗe shago ta rage wa kanta aikin raba faɗa bayan an buɗe.