Lissafin Da Ke Cikin Faifai Da Wuyan Riga

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wani darasi a lissafi wanda yawancinmu muke rainawa, wato na daidaiton sura. Ana zana mana murabba'i da alwatika a allo, a ce mu ƙidaya layukan da za su raba kowanne gida biyu daidai wa daida, mu kuwa sai mu haddace amsa saboda jarrabawa. A ganina haddar nan ita ke kashe darasin, domin aiki ne na hannu da ido.

Ku leƙa shagon tela. Kafin ya yanke wuyan riga sai ya ninka yadin biyu, ya sa almakashi sau ɗaya, dama da hagu su fito iri guda. In ya kuskure ninkin, wuya ya karkace, yadin mutane ya ɓaci. Layin ninkin nan shi littafinmu yake nufi. Murabba'i yana da irinsa 4, alwatika mai gefe uku daidai tana da 3. To, fallen takarda fa, wanda tsawonsa ya fi faɗinsa? Da yawa za su ce 4, alhali kuwa 2 ne kacal. Duk wanda ya taɓa ninka shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ga bakunan sun ƙi haɗuwa, ba zai ƙara faɗa wa wannan rami ba. Tutar Nijeriya tana ninkuwa ta hanya 2, ta Nijar kuwa 1 tak, don samanta ruwan lemo ne, ƙasanta kore.

Daidaiton juyi shi ya fi ba mu wuya, ga shi kuwa a ɗakin kowace uwa. Ɗauki faifan da aka maimaita adonsa sau 6. Zagaye cikakke digiri 360 ne, saboda haka in ka juya shi digiri 60, sai ka rantse ba a taɓa shi ba. Mai saƙar ba ta san digiri ba, amma ba ta kuskure lissafin. Haka harafin S da na N: ba su ninkuwa ko ta ina, amma ka juya su sama ta koma ƙasa, suna nan yadda suke.

Don haka ina roƙon malamanmu su bar mu mu shigo aji da takarda da almakashi da hula da faifai. Iyaye mata kuma, in mun zo aro, don Allah a ba mu. Za mu mayar kafin lokacin bakace.