Zubar nono ga mai jego ba cuta ba ce

Yau maganarmu a kan mai jego ce da nonon da take shayar da jinjirinta.

Kwana 3 ko 4 bayan haihuwa nono yakan kawo da yawa. Mata da dama sai su ga yana ɗiga da kansa. Ya jiƙa riga, ya jiƙa zane, da dare ya jiƙa shimfiɗa. Idan haihuwar fari ce, hankalin yarinya yakan tashi. Masu zuwa barka kuma kowa da tata shawara. Wannan ta ce nonon ya tsinke, ya zama ruwa. Waccan ta ce mugun nono ne, a gwada shi da tururuwa. Wata ta ce a ɗaure ƙirji da kallabi. Wata kuma ta ce a ba yaro ruwa da bauri ko nonon akuya, har a wanke nonon uwar.

A ganina, nan ne muke kuskure. Zubar nono ba ta cutar da uwa, ba ta cutar da ɗa. Abin da ke cutar da su shi ne matakan da ake ɗauka don tsoron ta.

Me ya sa nono ke zuba?

Duk wanda ya yi kiwo ya san amsar. Saniya ba ta sakin nono sai ta ga ɗan maraƙinta. Shi ya sa makiyayi ke barin maraƙi ya fara tsotso kafin a yi tatsa. Haka jikin mace yake. Idan jinjiri ya kama mama, jikin uwa yana sakin wani sinadari da likitoci ke kira oksitosin. Shi ke matse jijiyoyin mama, nono ya gangaro. Aikinsa yana kama mama biyu a lokaci guda. Saboda haka yaro na shan na dama, na hagu na ɗiga. Kukan jinjiri ma yana iya tayar da shi, ko da na maƙwabta ne. Tunanin yaron kaɗai ya isa, haka ma ruwan zafi na wankan jego.

Akwai dalili na biyu. A kwanakin farko jiki bai san cin yaron ba tukuna, sai ya yi nono fiye da buƙata. Sannu a hankali yake daidaitawa. Ga mata da yawa zubar tana raguwa tsakanin sati 6 zuwa wata 3. Ga waɗansu takan daɗe fiye da haka. Waɗansu kuma nasu bai zuba ko kaɗan, alhali yana isar yaro. Dukansu lafiyarsu lau.

To, me ya sa wanda ke ɗiga ya yi kama da ruwa? Don nonon da ke fara fitowa tsararo ne, shi ke kashe ƙishirwa. Mai kauri da maiƙo yana zuwa daga baya, idan yaro ya daɗe yana tsotso. Gwajin tururuwa bai nuna kome. Tururuwa ko cikin ruwan randa ta faɗa tana iya mutuwa.

Ina haɗarin yake?

Iyayenmu mata sun rene mu, kuma ba mu raina wahalarsu. Za su ce: haka muka yi da ku, ga ku kun girma. Gaskiya ne. Amma a tambaye su, yara nawa zawo ya ɗauke kafin yaye? Sun yi da sanin da suke da shi. Yau an san abin da ba a sani ba a da.

Cikin jinjiri ƙarami ne. Idan ruwa ko bauri ya cika shi, ba sauran wurin nono. Ruwan rijiya ko na tabki, da ludayin da aka ba shi da shi, suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Daga nan sai zawo, daga zawo sai rama, daga rama sai tamowa. Nonon akuya da na saniya sun fi ƙarfin cikin sabon haihuwa. Uwar kuma, idan aka hana yaro sha ko aka ɗaure mata ƙirji, nono na taruwa. Mama ya kumbura, ya yi tauri, wani lokaci har ya yi ƙurji. Bayan haka nonon ya ragu, don abin da ba a ɗiba jiki yana daina yin shi.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara a ba yaro nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. A fara cikin awa guda bayan haihuwa, da daƙashi, wannan nono na fari mai rawaya da ke kare yaro daga cututtuka. Bayan wata 6 a ƙara abinci, a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Wani zai ce: da zafin bazara na Tawa ko Damagaram fa? Kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Uwar ta sha ruwa ta ƙoshi, yaro ya sha nono.

Abin da mai jego za ta yi

1. Ki yawaita ba yaro. Sabon haihuwa yana sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Kada ki jira sai ya yi kuka. In ya fara juya kai yana tsotsar hannu, lokaci ya yi.

2. Ki bar shi ya gama da mama guda kafin ki juya shi, don ya samu nonon ƙarshe mai maiƙo. Ki tare ɗayan da ƙyalle mai tsabta.

3. Ki yanka tsohon zanen auduga mai laushi gida 8 ko 10. Ki ninke guda ki sa cikin riga. Da ya jiƙe ki canza. A wanke da sabulu, a shanya a rana.

4. Kada ki sa leda. Leda na riƙe damshi, kan mama ya jiƙe ya tsage, shayarwa ta zama azaba. Rigar nono ma kada ta matse.

5. Idan kina cikin mutane, a kasuwa ko wurin suna, kika ji nono na saukowa, ki rungume hannuwanki a ƙirji, ki danna kan maman na ɗan lokaci. Yakan tsaya. Amma idan mama ya cika ya yi tauri, kada ki danne. Ki ba yaro.

6. Idan nono na fitowa da ƙarfi har yaro na ƙwarewa, ki wanke hannu, ki tatse kaɗan kafin ki ba shi. Ki jingina baya, yaron na bisa ƙirjinki. Kada ki tatse da yawa, don yawan tatsa na ƙara nono.

7. Da dare ki shimfiɗa zane ninki biyu a ƙarƙashinki.

8. Ruwa ya isa wanke mama. Sabulu a kan mama na busar da fata.

Ga mai damuwa da salla: a mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon mace ba najasa ba ne. Rigar da ya taɓa ba ta hana salla.

Yaya za a san nonon na isar yaro? Bayan kwana 5 da haihuwa, yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da kwana. Yana sakin mama da kansa. Nauyinsa na ƙaruwa a wurin awo. Waɗannan su ne shaida, ba jiƙewar riga ba.

Yaushe za a tafi likita?

A tafi ranar nan, kada a kwana, idan wani gefe na mama ya yi ja, ya yi zafi, ya yi ƙullutu mai ciwo, ko uwa na masassara. A tafi idan mugunya na fita, ko kan mama ya tsage yana jini. A tafi da gaggawa idan yaro ya ƙi sha, jikinsa ya saki, ko fitsarinsa ya ragu. A hanya ma a ci gaba da ba shi nono. Ciwon mama bai ɓata nono, kuma tsotson yaro na taimaka ma uwar ta samu sauƙi.

Aikin maigida da uwar miji

Yarinya mai haihuwar fari ba ta iya musu da uwarta ko uwar mijinta. Abin da manya suka ce shi za ta yi. Saboda haka maganar nan tasu ce kafin ta zama tata. Inna, idan kin ga rigar ɗiyarki ta jiƙe, ki kwantar mata da hankali, ki miƙa mata ƙyalle, ki ce ta ba yaro. Maigida, kuɗin da za ka kashe a madarar gwangwani ko jiƙo, ka sayi sabulu, wake, gyaɗa da ɗan nama. Ka rage mata daka da ɗibar ruwa. Idan aka ce a tafi likita, kada ka ce sai an gama aikin gona.

Jiƙaƙƙiyar riga sabulu da rana sun ishe ta. Jinjirin da aka raba da nonon uwarsa kuwa, jinyarsa na da tsada, kuma ba kullum ake cin nasara ba. Mu bar yaro da mamansa.

Allah ya raya mana, ya ba masu jego lafiya.