Gajiyar Mai Gyambon Ciki Ba Ragwanci Ba Ce

A wurinmu, mara lafiya shi ne wanda aka gani a kwance, ko wanda aka ɗaura wa ruwa a asibiti. Wanda yake tafiya da ƙafafunsa kuwa, ko ciwo na cinsa ta ciki, lafiyayye ne a idon jama'a. Shi ya sa masu fama da gyambon ciki, wato olsa, da sauran cututtukan ciki da hanji masu daɗewa, suke ɗauke da kaya biyu: raɗaɗin ciwo da zargin mutane. Uwargida ta kasa kammala aikin gida a ce son jiki ne. Magidanci ya baro kasuwa da azahar a ce zuciyarsa ta mutu. Ɗalibi ya yi gyangyaɗi a aji a ce rago ne. Alhali gajiyar nan daga ciwon take, tana da dalilan da likita zai iya aunawa, kuma yawancinsu suna da magani.

Babban dalili shi ne ƙarancin jini. Gyambo kan tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, wata da watanni, mai shi bai sani ba. Jinin da ya zube yana tafiya da sinadarin ayon, wanda da shi jiki ke ƙera himoglobin, abin da ke kai iskar oksijin ga kowace gaɓa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da himoglobin ɗinsa ya gaza 13, ko macen da ba ta da ciki nata ya gaza 12, suna da ƙarancin jini. Daga nan ake samun haki bayan ɗan hawan bene, da jiri in an miƙe, da bugun zuciya, da ɗashewar tafin hannu. Wasu matan har kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara kan kama su, a ɗauka ɗabi'a ce kawai.

Sai kuma yunwar da tsoro ke jawowa. Da zarar an ce mutum yana da olsa, kowa ya zama likitansa: ban da wake, ban da nama, ban da mai, ban da ganye, ban da tsami. Kafin a ankara an bar shi da koko da shayi da burodi. Ina ƙarfi zai fito? Shayin ma in an sha shi tare da abinci yana rage ayon ɗin da hanji zai tsotsa. Ga rashin barci, domin gyambon da ke farkon ƙaramin hanji ya saba tayar da mai shi tsakar dare. Ga kuma masu shan maganin olsa na omeprazole shekara da shekaru ba tare da komawa wurin likita ba, alhali daɗewa a kansa na iya rage bitamin B12 a jiki, rashinsa kuwa kasala yake kawowa da sanyin gaɓoɓi.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da muke bi mu kori gajiyar. Lebura ko ɗan acaɓa ya tsaya a kemis da yamma ya ce a ba shi maganin gajiya, a haɗa masa ƙwayoyi a leda, cikinsu sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan magunguna, da asfirin, suna cikin manyan abubuwan da ke haddasa gyambo da sa shi zubar da jini. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Wani kuma ya koma ga lemon ƙara kuzari da goro da taba, su ɗaga shi na ɗan lokaci, su hana shi barci, gobe ya tashi ya fi jiya galabaita.

Ya kamata mu san cewa olsa ba ciwon har abada ba ne ga mafi yawan masu shi. A 1982, wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori a cikin tumbin marasa lafiya. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, ta kuwa kumbura masa bangon tumbi. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yau ana gano ƙwayar ta awon bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magungunan da likita ke rubutawa na kwana 10 zuwa 14. Duk da haka mutanenmu da yawa sun shekara goma suna kurɓar farin maganin ruwa na kwantar da zafi, ba a taɓa yi musu wannan awo ba.

Don haka ga mai fama, shawarata ita ce ka nemi a auna jininka, a kuma binciki tushen ciwon. Ka ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ka guji abin da kai da kanka ka lura yana tayar maka da ciwo, ka ci sauran. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyaho duk suna gina jini, lemo ko gwaiba kuma na taimaka wa jiki ya amfana da su. Ka sa aiki mai nauyi a lokacin da ka fi jin ƙarfi, ka huta tun kafin jiki ya kayar da kai, ka riƙa ɗan tattaki ko da zuwa masallaci ne. In azumi ya zo, ka tuntuɓi likita da malami, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Idan kuwa ka ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya maka a maƙogwaro, to kada ka kwana ba ka je asibiti ba.

Ku kuma iyalai, maza da mata, iyaye da shugabannin wurin aiki, in ɗayanku ya ce ya gaji, ku yarda da shi. Ku rage masa aiki, ku gyara masa abinci, ku raka shi awon jini kafin ku kira shi rago. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon tausaya musu.