Mu Daina Yi Wa Hoton Biki Tayin Wulaƙanci

 A wannan makon ina so mu tattauna a kan wani abu da muka raina, alhali kuwa shi ne ke saura a hannunmu bayan an watse daga biki, an cinye gara, anko ya koɗe, maroƙa sun kama gabansu. Ina nufin hoton biki da kuma masu sana'ar ɗaukarsa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wani abu ne da ya faru a gidanmu a nan Gidigir. Bayan babbar salla da ta wuce aka aurar da 'yar yayata. Uwar yarinyar, wadda ke sayar da dabino da kanwa a kasuwa, ta shafe shekara uku tana zubin adashe domin wannan rana. Gado da katifa da kwalla da tasoshi, babu abin da ba ta taya ta sake tayawa ba, ta ɗaga ta juya, ta ƙwanƙwasa ta ji ƙararsa kafin ta biya. Amma da aka zo maganar mai hoto sai ta ce ai ɗan maƙwabta yana da babbar waya, a ba shi na goro ya ɗauka. Bayan mako guda ya turo hotunan. Kakar amarya ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Wannan Balarabiyar fa, daga dangin ango take?" Jikarta ce da ta goya a bayanta. Yaron ya bi fuskar da na'urar gyaran hoto ya wanke ta fes, ya share tsagen da ke kumatunta, ya tsuke mata hanci. Wata biyu bayan haka aka zare masa wayar a cikin mota a hanyar Damagaram, hotunan suka bi ta. Abin da ya rage yanzu guda uku ne da aka tura ta WhatsApp, su ma in ka buɗe su da girma sai su dagargaje.

Ban ga laifin yaron ba, domin kuwa ba sana'arsa ba ce. Laifin namu ne. Mu da muka san cewa araha ba ta ado, mu da ba za mu ba ɗan koyo shadda mai tsada ya yanka ba, mu ne kuma muke miƙa ranar da ba ta maimaituwa ga duk wanda ya riƙe waya. In tela ya ɓata riga ana iya sayo wani yadin. In mai hoto ya ɓata ranar kai amarya, wa zai sake tara mutanen nan? Tsohon da ya sa albarka a wurin ɗaurin aure, wa ya san ko zai ga baɗi?

Wataƙila wani ya ce, to mene ne abin gwaninta a cikin latsa maɓalli? Bari in kawo kaɗan daga cikin abin da mai hoto na ƙwarai ya sani.

Na farko, ya san haske kamar yadda mai sayar da atamfa ya san shi. Kowace mace da ta taɓa sayen zane ta san ana fito da shi bakin rumfa a duba launinsa, domin abin da ido ya gani a cikin duhun shago daban yake da abin da zai gani a waje. Haka hoto yake. Ranar tsaka irin ta ƙasarmu, wadda ke dukan rairayi ta dawo, tana sa mutane runtse ido, ta zuba baƙar inuwa a ƙarƙashin gira da hanci. Gwani zai ja mutane zuwa inuwar bishiya ko bakin zaure, ko ya jira hantsi ko la'asar sakaliya lokacin da haske ya yi laushi. Ya san kuma cewa idan baƙin mutum ya sa farar shadda, kyamara takan ruɗe da farin rigar ta dusashe fuskar, saboda haka sai ya auna haskensa a kan fuska. A ɗakin amarya kuwa, inda aka jere kwalla da tasoshi masu ƙyalli har rufi, in aka harba fitilar kyamara kai tsaye sai jeren ya mayar da hasken, hoton ya cika da walƙiya. Gwani yakan karkata fitilar ta bugi rufi ko bango, ko ya sa a ɗaga labule ya yi aiki da hasken ƙofa.

Na biyu, ya san biki. Ya san abin da ke biyo bayan wani, daga sa lalle zuwa ɗaurin aure, zuwa wankan amarya da rakiya da buɗar kai. Saboda haka yana tsaye a inda ya dace kafin abin ya faru. Lokacin da uwa ke juya baya tana share hawaye da bakin gyale ba ya wuce ƙiftawar ido, kuma ba a cewa a sake. Garinmu yana kan babbar hanya mai lamba 1 tsakanin Damagaram da Gure, Hausawa da Barebari da Fulani da sauran 'yan uwa suna auratayya da juna, kowa da al'adarsa. Wanda bai san bambancin ba zai ɗauki abin da ba shi da muhimmanci ya bar wanda dangi za su nema.

Na uku, ya san kunya. Ya san inda namiji ba ya shiga, ya san dattijon da sai an nemi izininsa, ya san matar auren da mijinta bai yarda a ɗauke ta ba. A nan ma akwai kira ga 'yan matanmu: wannan sana'a tana neman mata, domin rabin biki a cikin gida ake yin sa, inda mace ce kawai za ta shiga ta zauna ba tare da kowa ya tsargu ba.

Domin mu gane cewa wannan aiki yana da daraja, mu leƙa maƙwabtanmu na Mali. Seydou Keita ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a shekarar 1948. A tsakar gidansa yake aiki da hasken rana, ya rataya zane mai zanen furanni a bayan mutum, ya gyara masa zama, ya gyara wa mace ɗaurin kallabi da yadda za ta ɗora hannu don zobenta ya fito, kuma galibi sau ɗaya yake latsawa saboda tsadar fim. Ya rasu a 2001, amma a 2016 an baje hotunansa a babban zauren Grand Palais na birnin Paris. Malick Sidibe kuwa, shi ma mazaunin Bamako, bukukuwa da wuraren rawar matasa yake bi da dare, ya wanke hotunan, mutane su zo shagonsa su zaɓa. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na birnin Venis a ƙasar Italiya, shi ne mai hoto na farko da ya same ta. Mutanen da ke cikin hotunan nan ba sarakuna ba ne, teloli ne da 'yan kasuwa da matan gida irinmu, da baƙar fatarsu tana sheƙi. Abin da ya sa hotunan suka rayu shi ne an ɗauke su da ido, kuma an adana fim ɗinsu.

Mu ma a Nijar mun yi namu. Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar birnin Yamai a shekarun 1960 da 1970, kuma yau duk mai son ganin yadda babban birninmu yake a farkon 'yancin kai sai ya nemi hotunansa. Abin takaici, da ƙananan kyamarori masu araha suka cika gari kasuwarsa ta mutu, ya ƙare rayuwarsa cikin talauci, ya rasu a 2014. Wannan ya isa ya zama darasi a kan abin da ke faruwa idan jama'a suka fifita araha a kan gwaninta.

Sai maganar wanke fata, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Shekaru da dama kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu fata iri-iri. Ma'ana, tun asali ba da fatarmu aka auna kayan aikin ba, masu hotonmu na da sai da suka yi dabara kafin su fito da mu yadda muke. To yau da kyamara ta iya ɗaukar baƙar fata da kyau, sai kuma mu da kanmu muke biya a goge ta? Ba na ƙin gyara. In ƙuda ya sauka a goshi a cire shi, in ƙurji ya fito ranar biki a rufe shi. Amma a bar wa yarinya launinta da kamanninta, domin wata rana 'ya'yanta za su nemi fuskarsu a cikin tata.

Masu hoto, ku ma akwai naku. Da yawa daga cikinmu sun guje ku ne saboda abin da suka gani: a karɓi kafin alƙalami a zo bayan an shafa fatiha, ko batir ya mutu ana tsakiyar rakiya a garin da kowa ya san halin wutar lantarkinsa, ko a yi wata shida ana bin mutum kamar mai bin bashi. Mafi muni shi ne a wayi gari a ga matar mutum a Facebook ko TikTok ana tallar shago da ita ba da sanin kowa ba. Hoton amarya amana ce. Wanda yake so a biya shi kuɗin gwani sai ya riƙe alkawarin gwani.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai shirin aurar da ɗa ko 'ya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa kuɗin hoto cikin lissafi tun ranar da kuka fara sayen kwano na farko. Ku nemi mai hoto ya nuna muku aikin biki guda cikakke daga farko har ƙarshe, kada ku yarda da guda biyar da ya zaɓo, kamar yadda ba ku sayen buhun gero sai kun soka hannu har ƙasa. Ku duba ko mutanen da ke ciki sun yi kama da mutane. Ku yi ciniki a gaban shaida: wuni nawa zai yi, hoto nawa zai wanke a takarda, wace rana zai kawo, kuma ba zai sa ko ɗaya a intanet ba sai da izininku. Ku ba da rabi, ku riƙe rabi sai kaya sun zo hannu. Ku tambaye shi ko yana da batir da katin ajiya na biyu. In ya kawo, ku karɓi na takarda, ku kuma karɓi asalin hotunan a kan katin ajiya, domin WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa ƙarfi in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Na takardar kuma a sa su cikin albam a ajiye a akwati, nesa da rana da laima da gara, a rubuta sunayen mutane da shekara a bayansu.

Na san halin da ake ciki, kuɗi sun yi wuya, kuma ba ina cewa a ci bashi don hoto ba. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar mai hoto kwana uku, ya ɗauke shi na awa biyu, ya sami guda ashirin masu kyau. Sun fi ɗari biyar da ba a gane kowa a ciki. In an rage turmi ɗaya daga cikin lefe, ko an rage abin da ake liƙa wa makaɗa, kuɗin za su fito. Mu ne muke gaya wa masu sayen kayanmu cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, to mu fara yi wa kanmu wannan nasiha.

Yayata dai ta riga ta ce idan Allah Ya kawo haihuwa, ranar suna za ta kira mai hoto na gaske, a zaunar da kaka da jika da tattaɓa kunne wuri guda, kowa da fuskar da Allah Ya ba shi. Allah Ya nuna mana, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a gidajen aurensu, amin.